Akwatin Jaridun Anacleto

Tampa, 9 ga Fabrairu, 1993

Prima Migdalia,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai gaisar ba. Yaya gida, yaya maigidanki, yaya Matanzas, in har da sauran abin tambaya a cikinta? Ni dai da sauƙi, ban da gwiwar hagu, da ciwon sugan da ya raba ni da kofi mai zaƙi. Yara sun watse kowa da gidansa, uwarsu kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Wataƙila sunana ya ɓace miki. Ni ne Evelio Quiñones, jikan Crescencio, wan kakarki Eulalia uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da nake tunawa da ke shi ne yarinya mai tsinin baki, zaune a dokin ƙofa tana raɗa wa masu wucewa suna. Ni kika sa wa Agwagwa saboda tafiyata. Na yafe.

Na ji rasuwar mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta. Na kuma ji gidan gado na bakin kogi ya dawo hannunki. A ɗakin baya akwai akwatin katako mai bakin ƙarfe. Cikinsa El Batazo ce, jaridar mako-mako ta besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da kulki, tun zamanin mulkin Sifaniyawa, wadda tsoho Anacleto, mahaifin kakanninmu, ya tara. Shi ne mai cafke ƙwallo na ƙungiyar Lucero, a lokacin da ake cafka da tsurar hannu, ba irin 'yan gatan yau masu safa kamar matashin kai ba.

Mu da muka baro tsibirinmu muna da majalisar dattawa a wani shagon kofi a nan, kullum safiya hirar ƙwallo. Akwai wani Porfirio, ɗan Habana, mai bakin ganga, da ya ce mu 'yan Matanzas ƙarya ce gadonmu. Ina so in ajiye masa jaridun nan a gabansa.

Doña Zoila, wadda ta kawo miki wannan, za ta dawo bayan Ista. Ki ɗaure su ki ba ta. Na san ba ki san darajarsu ba, ba kuma laifinki ba ne. Roƙona kawai kada ki naɗe kifi da su. Ga tabarau da sabulu, na ji an ce abin ya kai ku ga haka.

Ɗan'uwanki,
Evelio

Matanzas, 14 ga Afrilu, 1993

Primo Evelio,

Gaisuwarka ta iso, tabarau da sabulu ma sun iso. Sannu da gwiwa, sannu da suga. Mu nan ciwon masu ƙoshi ba ya kama mu.

Sunanka bai ɓace mini ba, ai ba a manta Agwagwa. Adireshinmu ne ya ɓace maka shekara talatin da ɗoriya. Kakata Eulalia ta rasu, shiru. Babana ya rasu, shiru. Mama ta yi jinyarta ta tafi, ka ba ta layi ɗaya a wasiƙarka, ka ba akwati rabin shafi. Da a ce takarda ce ita, da ta ga zumunci.

Ka tambayi maigidana ba ka kira sunansa ba, don ba ka san shi ba. Fermín ne. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi tare da shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin ƙasan rake, muryarsa ta fi ta jirgin, yanzu sai ido. Ni ke tayarwa, ni ke kwantarwa. Lantarki kuwa baƙo ne, in ya zo kafin a kawo masa ruwa ya tafi.

Akwatin yana nan. Ban naɗe kifi da jaridunka ba, don sai an ga kifin tukuna. Na buɗe shi don in gwada tabaranka. Wari, ƙura, kwari sun ci gefe. Na ga zanen wasu ƙatti masu gashin baki, da huluna kamar na masu sayar da burodi, sun bar aikin yi suna gudu a kewaye. Wannan ne abin da dattawan Tampa suke tashi da sassafe a kansa? Allah ya ba mu irin hutunku.

Abu ɗaya ne ya tsayar da ni. Mai rubuta labarin wasannin, wanda yake sa hannu da sunan Rina, ya ce: "Mai jifan ƙungiyar Marino ya yi jifa jiya kamar mai watsa wa kaji tsaba, 'yan Lucero kuwa suka ci suka ƙoshi." Wannan mutumin da yana raye da na ba shi kujera a ƙofar gidana.

Doña Zoila ta ce ba za ta ɗauki tsofaffin takardu ta sha tambaya a filin jirgi ba. Ni ma ban roƙe ta ba. Anacleto dai kamar yadda ya haifi kakanka haka ya haifi tawa.

Migdalia

Tampa, 3 ga Yuni, 1993

Prima,

Ina fata kuna lafiya. Ki gaishe da Fermín, Allah ya ba shi sauƙi. Da na sani da na sa magani a saƙon.

Na ga bakin bai tsufa ba. Ba zan tsaya kare kaina ba. Ku da kuka zauna kun ɗauka mu da muka fita a kan gadon audugar rimi muka sauka. Kwanuka na wanke a otal har fatar hannuna ta saɓule.

Tunda kin ƙi turowa, ga ka'ida. Kada ki taɓa su da jiƙaƙƙen hannu. Kada ki shanya su a rana. Ki daina ɓata lokaci a kan Rina, babana ya ce mashayi ne da bai taɓa riƙe kulki ba. Abin da ake dubawa shi ne jadawalin ƙasan shafi, inda aka jera sunaye da maki. Na san ba ki san bambancin zango na ɗaya da na uku a filin wasa ba, to ba sai kin fahimta ba. Ki nemi sunan Anacleto kawai, ki kwafo mini abin da ke gabansa.

Jiya Porfirio ya ce a gaban kowa, "Kakan naku ruwa yake kai wa 'yan wasa, Evelio, shi ya sa har yau kake da hannun ɗaukar buta." Majalisa ta tuntsire da dariya. Ba ni kaɗai aka zaga ba, har da ke, in kina da sauran kishin jini.

Ina jiran amsa da mai zuwa na gaba.

Evelio

Matanzas, 20 ga Satumba, 1993

Primo,

A gurguje, mai tafiyar yana tsaye a ƙofa. Muna nan da rai. Jikin Fermín yau da daɗi gobe babu.

Damina ta yi mana wuya. Ba kananzir, ba gawayi, ba lantarki. Jaridun nan su suka fisshe mu, ban san yadda za mu yi ba da babu su. Kullum ɗaya, wata rana biyu in maƙwabta sun matsa. Ranar Lahadi na gama da su kaf, ba wadda ta rage. Fermín ya ji daɗinsu ƙwarai.

Sauran bayani sai na sami zama.

Migdalia

Tampa, 18 ga Oktoba, 1993

Migdalia,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, mai hura wuta da tarihin gidansu ai lafiyarta ƙalau.

Sau uku na karanta 'yar takardarki, ina cewa ko idona ne. Kin gama da su kaf. Shekara ɗari suna kwance, sun tsallake yaƙi, sun tsallake guguwa, sun tsallake gara, ba su tsallake tukunyarki ba. Har maƙwabta kike ɗebar wa! Kin kuma rubuto mini da alfahari, kamar wadda ta yi abin kai.

Babu kujera a gidan? Babu ƙyaure? Babu itace a bakin kogin? Sai abin da ba za a sake samun irinsa ba har duniya ta naɗe, don a dafa wa mutumin da ba ya ko iya cewa na gode ruwan wake. An ba jaki littafi, ya cinye ya ce ya ji daɗi.

Tun kina yarinya ba ki iya komai ba sai rushe abin da wani ya gina. Laifina ne da na aika wa makauniyar zuciya tabarau. Na daina zuwa majalisa, don ban san da bakin da zan gaya wa Porfirio cewa jikar Eulalia ta yi girki da Anacleto ba.

Kada ki wahalar da kanki da amsa.

E. Quiñones

Matanzas, 25 ga Janairu, 1994

Primo Evelio,

Ina gaishe ka, don ni an koya mini gaisuwa. Yaya gwiwa? Yaya ido kuma, tunda na ga karatu yana ba ka wuya?

Fermín ya rasu a farkon Nuwamba. Wasiƙarka ta iso bayan mun dawo daga maƙabarta da mako guda. Na ga ambulan na ce ashe Agwagwa ya koyi ta'aziyya. Shi ya sa na buɗe ta a gaban mutane.

Jaridunka suna nan cikin akwati, ko kusurwa ba ta ƙone ba. Karantawa na yi na gama, wawa. In ka ce ka gama da faranti, cinye tangaran ɗin kake yi?

Ga yadda aka yi. Da rana zafi ba ya barin Fermín zama a ɗaki, ga rediyo ba wuta. Sai in jawo kujerarsa bakin ƙofa, in zauna gefensa in rasa abin cewa, don mutum ba ya shekara yana hira shi kaɗai. Ran nan na ɗauko jarida ɗaya na karanta masa da ƙarfi. Na zo inda Rina ya ce, "Mai tsaron zango na biyu ya raka ƙwallo da ido cikin ladabi, kamar mai sallamar baƙo, har ta fita gari." Sai na ji wani sauti. Na ɗauka shaƙewa ya yi, na zabura. Ashe dariya ce, da rabin baki.

Tun daga ranar kullum bayan azahar sai mun yi. Cuca, maƙwabciyata mai ɗinki, ta fara leƙowa da kujerarta. Tsoho Bienvenido wanzami ya biyo baya. Kafin wata ya ƙare rabin layinmu yana bakin ƙofata, ciki ba komai sai ruwan ganyen lemo, ana musu a kan wasan da duk 'yan wasansa sun zama ƙasa. Cuca ta ɗauki Marino, wai ubanta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Bienvenido ya ɗauki Lucero. Ba wanda ya yarda a leƙa sakamako kafin a kai ƙarshe. Mun sha labarin alƙalin wasa da ake kafa wa kujera da laima, da 'yan mata masu ɗaura wa gwani ƙyalle a ƙirji, da rawar da ake yi bayan wasa, wanda aka ci da wanda ya ci duk a falo ɗaya. Cuca ta ce, "Ka ji mutanen kirki, a lallasa mutum da rana a ba shi abinci da yamma. Mu an lallasa mu, ina abincin?"

A watan Agusta muka zo wani wasa da aka yi kunnen doki har zagayen ƙarshe. Ɗan Lucero ya sheƙo ya faɗa zangon ƙarshe don ya ci maki, ƙura ta tashi, alƙali ya ce ƙwallo ta riga shi, ya fita. Rina ya rubuta cewa a daidai lokacin alƙalin yana kallon maficin wata baiwar Allah ne. Ban rufe baki ba sai Fermín ya buga hannunsa mai lafiya a kujera ya ce, "Makaho!"

Cuca ta saki kofinta. Ta ce, "Me ya ce?" Bienvenido ya ce, "Makaho ya ce." Ta ce, "Da ni yake ko da alƙalin?" Fermín ya dube ta ya sake cewa, "Makaho." Shekara ɗaya da rabi ban ji muryar mijina ba, sai a kan alƙalin da ya mutu tun kafin a haifi uwarsa. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ƙarasa musu wasan. Daga baya ya ƙaro kalmomi kaɗan, yawancinsu zagi. Sunana ya zo daga ƙarshe. Na gode kam bai ce ba, ka yi gaskiya. Bai taɓa zama mai yawan faɗinta ba.

Wasiƙarka kuwa, tunda na riga na buɗe, na karanta musu ita da muryar da nake karanta Rina. Bienvenido ya ce, "Zafin akwai, gwanintar ce babu." Cuca ta ce a tambaye ka wane jakin.

Anacleto yana ciki, ba ruwa yake kaiwa ba. Ga abin da Rina ya ce, ka kai wa Porfirio: "Quiñones ya tare ƙwallo da hannu, da ƙirji, da haɓa, ɗaya kuma da hanci. Da yana bugu kamar yadda yake shan bugu, da Lucero ta huta." Jadawalin ban kwafo ba, ka ce ban san zango ba.

Ba zan turo su ba. Layinmu ya ce a sake farawa daga farko. Mai son ji ya zo da kujerarsa.

Migdalia

Tampa, 27 ga Fabrairu, 1994

Prima Migdalia,

Allah ya ji ƙan Fermín, ya ba ki haƙuri. Abin da na faɗa a kansa bai dace ba, na janye shi. Ban iya dogon ban-haƙuri ba, ke ma ba ki iya karɓa ba, kada mu wahalar da juna.

Amma ki yarda rubutunki ma yana da laifi. Wa yake jera kananzir da gawayi da jarida a layi ɗaya? Na nuna wa mutum uku, duka wuta suka gani.

Na koma majalisa na karanta wa Porfirio maganar hancin. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce, "To, ya dai shiga fili." Da wannan na tsira, ba yawa.

Na rantse ba zan sake taka tsibirin nan ba, kowa ya san haka. Na gaya wa yara likita ne ya ce iskar teku za ta yi wa gwiwata amfani. Zan zo bayan Ista tare da Doña Zoila. Ba sai kin yi mini shimfiɗa ta musamman ba, na san ma babu. Ki gaya wa wanzamin nan zan zo in ji gwanintar tasa.

Evelio

Matanzas, 30 ga Mayu, 1994

Primo,

Ina fata ka sauka lafiya, gwiwa kuma ta gode wa iskar teku. Mu muna nan yadda ka bar mu. Garin kofin da ka kawo ya ƙare, don Cuca ta ɗauka na unguwa ne. Bienvenido yana gaishe ka, ya ce askin da ya yi maka kyauta ne, tunda aikin ba yawa.

Layinmu bai gama maganarka ba. Ka zo da farar riga da takalmi mai ƙyalli, ka zauna kana gyara mini karatu, "Ba haka ake faɗa ba, Prima." Kwana biyu ka yi kana wannan. A na uku aka zo wasan da yatsan Anacleto ya karye, ya sa aka ɗaure da ƙyallen wata yarinya ya koma ya tsuguna. Na ɗaga kai na ga masanin tarihi yana share hanci da hula. Ka ce ƙurar takarda ce. Daga nan kuma ka fi kowa ihu, har ka kira Cuca 'yar dako, ta kira ka ɗan wanke-wanke, kuka rabu kuna tafawa.

Yanzu ga maganar. Jaridar makon nan da yatsan ya karye, mai zanen Anacleto a tsugune, ba ta cikin akwati. Kada ka ce kwari. Ranar tafiyarka ka shiga ɗakin baya wai neman hularka, alhali tana kanka. Ka fito ƙirji a sandare kamar wanda ya haɗiyi faranti. Da ka rungume ni a bakin ƙofa, takarda ta yi ƙara a tsakaninmu, har Doña Zoila da ke cikin mota ta ji. Cuca ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Tsoho da furfura, ka haye teku ka saci abin da, da a ce ka roƙa a ranar, da na ba ka. Hali zanen dutse: gidanku kun iya ɗauka ku tafi.

Riƙe ta. Ka sa ta a gilashi, ka rataye inda Porfirio zai gani kullum.

Sai dai ka bar mana rami. In karatu ya sake zagayowa kan makon, ba abin da zan karanta wa mutane. Don haka ka zauna ka kwafe ta da hannunka, daga kan shafi har tallan man gashin baki da ke ƙasa, da jadawalin naka mai daraja, ka ba Doña Zoila. Rubutu manya-manya, kada ka gyara wa Rina ko kalma ɗaya, ya fi ka.

In ba ta iso kafin mu kai wurin ba, zan riƙe farar takarda in karanta wasan daga kaina. Kuma ka san ni. A nawa wasan Anacleto zai zubar da kowace ƙwallo, ya yi kuka a kan yatsa, a fitar da shi a kan ƙyaure, Marino ta ci. Cuca ta riga ta ce ita ta fi son nawa.

'Yar'uwarka,
Migdalia